A Ba Bakanike Tsohon Idonsa

"…lafiya ƙalau, sai kewar mijina da ta hana ni sakat. Ya jikin, Ango?"

"Jiki da sauƙi, tunda ba ke kika yi jinyar ba. Tun daga bakin ƙofa nake jiyo muryarki kamar salansa ta fashe. Marasa lafiya ne fa a nan, Amarya, ba kurame ba."

"Ai don kai na ɗaga. Na ɗauka kunnen ma ya bi idon."

"Kunnena garau yake. Shi ne ma ya jawo miki shari'ar da za mu yi yau. Nemi wuri ki zauna."

Tsohon bakanike ne zaune a bakin gadon asibiti, ƙafafunsa na lilo. Idonsa na dama an rufe shi da auduga da filasta tun jiya da aka yi masa aiki. Na hagun a buɗe yake, amma buɗewar banza ce, don yanar ido ta gama da shi. In mutum ya tsaya a gabansa sai dai ya ga inuwa ta gitta. Shekaru ke nan da yanar nan ta raba shi da garejinsa, ta zaunar da shi a ƙofar gida yana gane motocin unguwa da kukan injinsu. 'Ya'yansa sun yi lallashin duniya ya je asibiti, ya ce shi idonsa ba wanda zai sa wa sukundireba. Jikarsa ce kaɗai ta iya da shi, 'yar babban ɗansa, wadda yake kira Amarya tun tana rarrafe. Ita ta kawo shi, ita ta yi masa tafinta wajen likitan da ba ya jin Hausa, ita ce kuma ta dawo da safen nan don a buɗe idon a gabanta.

Da ya farka ya ji shi a duniya, ba ciwo ba raɗaɗi, ya yi hamdala ba adadi. Sai dai abu ɗaya ya tsaya masa a rai. In aka ɗaga audugar nan ya ga duhu, shi ke nan, magana ta ƙare. Muddin tana rufe kuwa, yana da sauran fata. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, amma ko yanka shi za a yi ba zai faɗa wa jika ba. Don haka ya nemi rigima.

"Me kika ce mini likitan nan zai yi wa idona?"

"Wanki. Na ce zai ɗan wanke maka shi."

"Wanki. To shi likitan me ya ce da bakinsa?"

"Turanci ya yi, Ango. Kai da Turanci kuwa sai dai gaisuwa daga nesa."

"Rifiles ya ce. Ya faɗa, ya maimaita, har da buga biro a tebur. Ke kuma kika juyo da muryar nan taki ta 'yan damfara kika ce, 'Kaka, wai ɗan wanki ne.' Kaka fa kika ce! Duk ranar da kika kira ni Kaka na san ƙarya na tafe a baya."

Ya ji ta ajiye fulas ɗin shayi a kan durowa, ya ji kujera ta yi ƙara, sannan ya ji dariyar da take ta fama ta danne.

"A ina ka san replace?"

"A ina na sani? Yarinya, tun ubanki bai san hanyar makaranta ba masu mota ke jifana da kalmar nan. Mutum ya shigo da mota tana tari, ya tsaya can nesa kar baƙin mai ya taɓa masa riga, ya miƙo ɗan yatsa: rifiles, rifiles. Ni kuwa in ce a'a, a bari in kwance in gani tukuna. Ban san ta a takarda ba, amma na san duk inda aka faɗe ta wani abu zai tafi bola."

"To ai ka kusa. Ma'anarta a cire abu a sa wani a gurbinsa. Ba gyara ba ne. Gyara shi ne a lallaɓa tsohon ya ci gaba da aiki, irin yadda muke lallaɓa ka. Ba kuma wanki ba ne…"

"Alhamdu lillahi, mai laifi ta amsa da bakinta."

"Bari in gama mana. Wannan tsohon ne zai fita gaba ɗaya, sabo ya zauna inda yake, ya kama aikin da yake yi. Cikin idonka akwai wani ɗan abu kamar gilashi, shi ne ya yi hazo. Shi aka cire aka sa na roba."

"Roba! A idon nawa? Ni da ko a motar maƙiyina ban taɓa sa kayan roba ba?"

"To tunda ka san kalmar, me ya hana ka miƙe ka yi tafiyarka tun ranar?"

Tambayar ta shigo wa tsohon ta inda bai toshe ba.

"Ƙaryarki ta fi gaskiyar likita daɗin ji," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Sai na riƙe taki." Ya yi maza ya gyara murya kafin ta samu abin kamawa. "Amma ba yafewa na yi ba. Zuba mini shayi. Ita kalmar nan, a kan ƙarfe kaɗai ake yin ta ko har mutum?"

"Har mutum. Ma'aikaci ya bar aiki a kawo wani ya zauna a kujerarsa, ita ake faɗa."

"Mace fa?"

"Wace mace?"

"Wadda ta yi wa mijinta ƙarya a gaban likita. In mutum yana son ya rifiles ɗinta, wane ofishi ake zuwa?"

"Sai ka fara samo wadda za ka sa. Ba a barin gurbi fayau, in an bar shi ba replace aka yi ba, asara aka yi. Wa za ta karɓe ka? Haƙora saura na gaisawa da mutane, gwiwa tana ƙara kamar ƙofar shago, ga ido na roba."

"Layi suke yi. Jiya ma nas ɗin nan ta tambaye ni ko ina da iyali."

"Don ta san wanda za ta kira ya kwashe ka ne."

"Hassada dai ba kyau. Wannan shayin kuma wa ya mutu aka hana shi sukari?"

"Likita ya hana."

"Likita ya hana, ko fassararki ta hana?"

Suna cikin haka ya ji ƙarar tire da ƙarafuna a kai, da takun takalmin roba. Nas ce, ita kuwa tana jin Hausa sarai.

"Baba, an tashi lafiya? Yau dai sai gani in Allah ya yarda. Ɗan ɗaga kanka in cire filastar."

Kafin ta kai hannu tsohon ya rigaya ya dafe audugar da tafinsa.

"Dakata, 'yata. Ina tsohon?"

"Wane tsoho, Baba?"

"Wanda aka cire. A kawo mini shi tukuna."

Nas ta yi turus. Jikar ce ta gane inda ya dosa, har ta ce, "Wayyo ni, yau mun shiga uku." Domin a garejin tsohon nan akwai doka ɗaya da ba a taɓa takawa ba. Duk abin da ya cire daga mota, fulogi ne, bel ne, ko ƙusa ce guda, sai ya goge shi ya damƙa wa mai motar a hannu kafin a tada inji. Yakan ce ta nan ake gane bakanike da ɓarawo, don wanda bai nuna maka tsohon kaya ba, wanke naka ya yi ya mayar. Mutane sun sha cewa ya bar shi kawai, su me za su yi da mataccen fulogi, ya ce su jefar a hanya in sun so, amma daga hannunsu.

"Ango, ido ne fa, ba kafireta ba."

"Aiki aiki ne. An ce an cire, an sa sabo. Na ji. Ina shaida?"

"To in an kawo maka da wane idon za ka duba?"

"In shafa. Hannuna ya san kayan da ya mutu."

Ba yadda nas ta iya, ta fita ta kira likita. Da ya shigo tsohon ya juya wajen da yake jin numfashin jikarsa ya ɗaga yatsa.

"Wannan karon fassara ta tsakani da Allah. Ga nas nan tana jin mu duka."

Jikar ta yi Turanci, likita ya yi dariya ya mayar da nasa mai tsawo.

"Ya ce tsohon ba ya fita ɗungurungum. Da na'ura ake farfasa shi ya zama gari, a zuƙe. Babu abin da ya rage da za a nuna maka."

"Kun ji ko! Wallahi haka duk ɓarayin kanikawa ke cewa. Ya farfashe, maigida, ya zube a hanya. Gaya masa na ce na san irinsu."

Ta juya ta yi wata 'yar gajeriyar magana mai taushi.

"Na ji tankiyu! Ni ban ce tankiyu ba! Nas, ke shaida ce, a gabanki ta sake!"

Nas ta kasa riƙe dariya, likita ma ya taya ta ba tare da ya san abin da ake yi wa ba. Tsohon kansa ya so ya dara, amma ya kasa ɗaga hannunsa daga kan audugar, ya kuma san ana gani. Sai ya ji kujera ta matso, ya ji hannun jikarsa a kan nasa. Ba ta janye masa hannun ba, ta dai riƙe.

"Ango, in tambaye ka. In gaskit ta ƙone ta manne a jikin inji, ka kankare ta da wuƙa, me kake ba mai mota?"

"Me zan ba shi? Ta zama gari."

"To ta yaya yake sanin ka sa sabuwa?"

Ya ja numfashi. Yarinyar nan a gindin motoci ta yi wayo, tana miƙo masa sifana tun ba ta iya ɗaga babbar ba. Yau ga shi ta ɗaure shi da igiyarsa.

"In tada masa ya ji da kunnensa," ya ce.

"To bari a tada." Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "In ba ta tashi ba ma, ba inda za ni. Ni ce dai zan ci gaba da zuwa ina cika maka kunne har ka gaji."

"Wannan ai barazana ce, ba lallashi ba."

Amma ya sauke hannun.

Nas ta ɓare filastar a hankali, tana jan gashin girarsa, ya yi bismilla a zuci. Ta ɗaga audugar, ta goge masa fatar idon da wani abu mai sanyi, ta ce ya buɗe sannu-sannu, kar ya yi gaggawa. Ya buɗe. Haske ya soke shi, ya runtse, ruwa ya zubo. Ya sake buɗewa. Fari ne kawai ko'ina, zuciyarsa ta yanke, har ya fara cewa a ransa shi ke nan. Sai farin ya soma tsagewa. Wani layi ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, ya zama gefen taga. Kusa da shi labule ne, shuɗi, shuɗin da ya manta akwai irinsa a duniya. Ga fanka a sama tana juyi, fiffikenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ya sunkuyar da kai ya ga wasu hannaye a kan cinyarsa, busassu, masu jijiyoyi, farcen fari tas babu ɗigon baƙin mai. Sai da ya motsa yatsun ya yarda nasa ne.

"Baba?" in ji nas. "Me kake gani?"

"Ta tashi," ya ce. "Bugu ɗaya ta tashi."

Ya ji wani nauyi da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka, har sai da ya dafa gado. Daɗi ya kama shi irin wanda bai san inda zai sa shi ba. Likita ya ɗaga yatsu a gabansa yana tambaya.

"Uku ne, kuma farcen na tsakiya yana son yanka. Kai, ashe yaro ne ƙarami! Wannan aka ba idona? Da na gan shi tun farko ko tayar keke ba zan ba shi ba."

"In fassara?" in ji jikar.

Wajenta ne bai duba ba tukuna, da gangan. Rabonsa da ganin fuskarta sosai tun tana sa kayan makaranta. Aurenta ma da kunne ya halarta. Ya juya a hankali. Mace ce cikakkiya zaune a kujera, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye sun wanke mata fuska. Ya daɗe yana kallonta. Ya san in bai yi magana yanzu ba shi ma kukan zai yi a gaban yaron likita.

"Inna lillahi! Wannan ce? Nas, mayar da audugar!"

"Ango!"

"An cuce ni. Shekara da shekaru ina yabon kaya a duhu. Ji hanci kamar murfin tankin mai. Ashe gara da ban gani."

"Lallai ma tsohon nan!" Tana kuka tana dariya, tana share ido da bayan hannu. "Bari in ɗauko maka madubi ka ga abin da ni nake haƙuri da shi. Wallahi yau sai ka ba ni haƙuri."

Ta miƙe ta nufi jakarta da ke rataye a jikin ƙofa. Tana juyawa gefe mayafin ya zame, tsohon ya ga abin da ya sa ya manta da zancen madubi.

"Tsaya. Juyo nan."

Ta tsaya, amma ba ta juyo ba.

"Mene ne wannan a gabanki?"

"Shayi na sha da yawa."

"Shayi. Nas, a asibitin nan shayi yana yin haka?"

Nas ta tattara tirenta tana murmushi, ta ce ita ɓangaren ido take, ba ruwanta. Jikar ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

"Kowa a gida ya sani?"

"Kowa yana da ido, Ango."

"Sai ni. Ina zaune a ƙofar gida kina zuwa kina 'mijina, mijina,' ashe ni ake shirin rifiles ban sani ba. An samo sabo fil yana hanya."

"Ba wanda zai replace ɗinka. Sai an cire tsoho ake sa sabo, kai kuwa ka yi tsatsa a wurin, ba sifanar da za ta kwance ka."

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Da wane bakin?" Ta dawo ta zauna, ta sauke mayafin daga fuskarta amma idonta na ƙasa. "Na so ka gani da kanka. Shi ya sa na matsa, shi ya sa na yi maka ƙaryar wankin. Ban so a miƙo maka shi kana shafa fuskarsa da hannu kana tambayar mutane da wa ya yi kama."

Tsohon ya buɗe baki ya nemi zagin da zai mayar, ya laluba ko'ina bai samu ba. Duk tsawon zaman da ya yi a duhu bai taɓa sa ran zai ga tattaɓa-kunnensa ba, ko a mafarki. Ruwa ya cika sabon idon, ya kai hannu zai murza.

"Kar ka taɓa, Baba!" in ji nas daga bakin ƙofa.

"Ba kuka nake ba. Robar ce ke yoyo."

"Mun sani," in ji jikar.

Likita ya ɗiga masa magani, ya yi wani bayani yana nuna kwalbar, ya juya zai fita. Tsohon ya kama gefen farar rigarsa.

"Amarya, gaya masa. Kuma ki faɗa yadda na faɗa, ina jin ki."

"Ina saurare, ranka ya daɗe."

"Ki ce na sallama, yaron nan bakanike ne. Ki ce in wannan ya warke, ya rifiles na hagun ma."

"Kai da bakinka? Roba fa za a sa."

"Ko ledar burodi ce ya sa. Baƙo na tafe, ba zan tare shi da ido ɗaya ba."

Ta juya ta yi wa likita Turanci. Tsohon ya karkata kai ya kasa kunne, har sai da ya ji kalmar ta fito daga bakinta tiryan-tiryan, ya ga likita ya gyaɗa kai da idonsa. Sannan ya saki rigar, ya tuntsire da dariya har gadon na girgiza.

"Kin ci, 'yar nema, kin ci. Matso kusa in ƙara ganin hancin nan."